Kwana Taran Farfesa Nereida

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da ba ta huce ba, Ƙungiyar Iyalan Ma'aikatan Masana'antar Takalma ta garin Esperanza ta sami labarin rasuwar uwarmu kuma garkuwarmu, Farfesa Nereida Taveras de Almonte, shehiyar malama a fannin kula da ma'aikata a kamfanonin ƙasa da ƙasa, wadda Ubangiji ya karɓi ranta da hantsin Talata a wani asibiti da ke Santiago, bayan hawan jini ya kayar da ita, tana da shekara hamsin da takwas.

Shekara huɗu da suka wuce, kamfanin da mazajenmu ke ɗinka wa takalma, wanda masu shi ke zaune a ƙetaren teku, shi da kansa ya gayyato marigayiya ta yi bincike kan yadda yake tafiyar da ma'aikatan da al'adarsu ta bambanta da tasa, yana sa ran yabo. Suka ba ta ofis mai sanyi, ta rufe shi ta hau bayan babur tana bin mu gida-gida, tana shan kofi a madafanmu, tana rubuta abin da muke faɗa. Nan ta gano cewa littafin dokokin kamfanin, da aka rubuto a can ƙasarsu, kwana biyu kacal ya ba mai makoki, alhali ko yaron goye a garin nan ya san ba a barin mamaci sai an cika masa addu'ar kwana tara. Mutum sittin da uku aka kora cikin shekara biyar, takardar kowannensu ɗauke da "fashin aiki ba dalili". Cikinsu har da mijin mai wannan sanarwa, Wilkin Ureña, wata uku da aurenmu, don kawai ya zauna makokin mahaifiyarsa har aka yaye farin ƙyallen teburin addu'a a rana ta tara.

Ranar da ta gabatar da sakamakon, babban manaja ya ce dokarsu ɗaya ce a ƙasa goma sha ɗaya, ba za su sauya ta saboda mu ba. A gaban kowa ta ce masa: "Ranka ya daɗe, ƙasa goma sha ɗaya kuke aiki, amma takalminku ma ai lamba-lamba kuke ɗinka shi." Kashegari aka karɓe katin shigarta masana'antar. Wasiƙun lauyoyi suka biyo baya, aka soke gayyatarta zuwa taron masana, jami'arta kuma, don gudun rigima, ta kulle littafin binciken nata a durowa. Shekara biyu tana fafutukar fito da shi. Ba mu ce su suka kashe ta ba, likita ya ce jininta ne ya hau. Amma mun san waɗanda suka kafa masa tsani.

Jiya kamfanin ya aiko da furanni tsayin mutum, da ƙyalle mai rubutun zinariya, wai "Abokiyar aikinmu". Mun mayar masa da kayansa, suna nan jingine a ƙofar masana'anta rana na cin su. Allah ya isa tsakaninmu da su.

A madadin ɗaukacin mambobinmu, muna miƙa ta'aziyya ga mai gidanta, Don Plinio Almonte, da 'ya'yanta, Dakta Ivelisse da Injiniya Radhamés, da ɗalibanta na gida da waje. Ubangiji ya haskaka makwancinta, ya ba ku juriyar ɗaukar wannan babban rashi, ya kuma nuna muku sakayya da idonku.

Wata rana marigayiya ta zo gidana ta tarar da 'yan littattafan soyayyata a kan taga, ta yi dariya ta ce: "'Yata, a naki littattafan mugu yana shan ƙasa a shafin ƙarshe. Nawa kuwa, sai kun taya ni rubuta shi." Sai daga baya muka san ta ajiye kwafin bincikenta a gidaje tara cikin unguwarmu.

Saboda haka muna sanar da jama'a cewa ranar Alhamis ta mako mai zuwa, ranar cikar kwana tara, ƙarfe bakwai na safe, lokacin da jiniyar masana'anta za ta yi kira, mu da mazajenmu ɗari takwas muna gidan Don Plinio sanye da fari da baƙi. Bayan addu'a za a karanta sunayen korarrun nan sittin da uku ɗaya bayan ɗaya, a damƙa littafin marigayiya hannun 'yan jarida. Mun san dokar, mun san hukuncinta. Sai manaja ya tanadi takardun kora ɗari takwas, ya kuma nemo wanda zai ɗinka masa takalmi ranar Juma'a.

Yocasta Brito de Ureña
Jami'ar Hulɗa da Jama'a
Ƙungiyar Iyalan Ma'aikatan Masana'antar Takalma, Esperanza