Kwana Sittin ɗin Keeley

Grimsby,
3 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayana Clive,

Ina miƙo maka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Noeleen da yara. Allah ya ƙara wa gwiwarka sauƙi, ya sa zafin Perth ya yi mata abin da sanyinmu ya kasa. Mu nan sai godiya. Mama tana nan daram, shekara tamanin da ɗaya amma har yau ita ke koya wa mai shago yadda ake suyar kifi. Maigidana Des kuma an rage masa kwanakin aiki a tashar jiragen ruwa, yana gida yana cika mini kunne. Na rubuto da hannu ne don in na kira ka a waya kuka zai hana ni kai ƙarshe, ni kuwa so nake ka ji labarin nan duka.

Ka san 'yarmu Keeley ta dawo gida tun farkon Fabrairu, tana shekara ta biyu a karatunta na halittun teku. Abin da ban gaya maka ba, ciwon hanji ne ya kwantar da ita, irin wanda ba ya warkewa sai dai a yi ta lallaɓa shi. Kwananta tara a asibiti, ta rame har zobenta yana zamewa. Jami'a ta yarda ta dakatar da karatu zuwa Satumba, muka ce mun gode Allah. Can cikin Mayu sai ga wasiƙa daga ofishin da ke ba ɗalibai bashin kuɗin haya da abinci. Wai abin da aka zuba mata a Janairu na zango guda ne cur, ita kuwa wata ɗaya kawai ta yi a aji, don haka fam dubu biyu da ɗari ɗaya sun zama rarar da ba hakkinta ba, za a zare su daga kuɗin zangon da za ta koma. Kuɗin da mai gidan haya ya lamushe tun tuni! In aka zare wannan, abin da zai saura ko ɗaki ba zai kama mata ba. Mu kuwa ka san aljihunmu.

Keeley ta karanta ta ninke, ta ce shi ke nan, za ta bar jami'ar gaba ɗaya ta shigo kamfaninmu na feɗe kifi. Har ta je ta ga Bev, shugabar layinmu, a bayan idona, aka ce ta fara a ƙarshen Satumba. Des da bakinsa da ba ya shiru ya ce ai ba a yi asara ba, a da bashi take ci don ta koyi sunan kifi, yanzu biyan ta za a yi ta cire masa ƙaya. Wallahi ba don butar shayin tana da zafi ba da na jefe shi da ita. Shekara ashirin da shida ina tsaye a layin nan, yatsuna ba sa miƙewa da safe sai na tsoma su a ruwan ɗumi, sannan in zuba ido 'yata mai ciwon ciki ta zo ta tsaya kusa da ni cikin ƙanƙara? Na ce ba da raina ba.

Na ɗauki hutun kwana biyu, na tasa ta gaba muka hau jirgin ƙasa, tafiyar awa shida, zuwa ofishin ba ɗalibai shawara na jami'arsu. Muka samu wata dattijuwa, Misis Pritchard, mai haƙurin bayani. Ta ce wa Keeley kada ta kuskura ta sa hannu a takardar fita daga jami'a. Wanda ya dakatar da karatu ɗalibi ne har yanzu, babban bashinsa yana kwance, ba mai tambayarsa ko kwabo sai ya gama ya fara ɗaukar albashin da ya kai ƙa'ida, sai dai ruwa da ke ɗan hawa. Wanda ya fita kuwa, rarar nan ba ta jiran albashi, nan take za a fara bin sa. Sai ta tambaya ina kwana sittin ɗin Keeley, tunda duk wanda rashin lafiya ta dakatar ana ci gaba da lissafa masa kuɗin na kwana sittin bayan ranar da ya daina shiga aji. Ta buɗo takardar da Keeley ta cika a Fabrairu. A wurin dalili akwai gurbin rashin lafiya, akwai gurbin uzuri na kai. 'Yarka, Yaya, tana kwance a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu, ta zaɓi uzuri na kai!

Na dube ta na ce ke Keeley, kanki ɗaya kuwa? Ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta so ta ɗaga wa kowa hankali ne, kuma ta ina za ta fara rubuta wa malamanta cewa sau goma sha biyar take shiga banɗaki a yini. Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Ai halin gidanmu ne. Ka tuna ranar da igiyar jirgin kamun kifi ta cinye wa Baba yatsu biyu, ya shigo da hannu naɗe cikin tawul yana ce wa Mama ɗan ƙwarzane ne, a ɗora shayi? Mu muka koya mata cewa faɗin ciwo raki ne, kuma kunyar hakan ta kama ni a kujerar nan.

Misis Pritchard ta ce abin yana gyaruwa. Jami'a za ta canza dalilin in an kawo takardar likita, amma ofishin bashi ba sa magana da uwa, sai mai bashin da bakinta. Ta buga musu, ta miƙa wa Keeley kan waya a nan cikin ofis, ga ɗalibai a layi suna jira. Fuskar Keeley ta yi jawur. Na ɗauka za ta miƙe ta fita. Sai na ji ta fara, ta faɗi sunan ciwon, ta faɗi ranar da aka kwantar da ita, ta faɗi har abin da ni uwarta ba ta taɓa gaya mini ba. Da mutumin da ke kan wayar ya ce mata sannu, na ga bakinta ya haɗa zai ce ai ba komai, na kai mata mintsini a cinya. Ta ce a'a, da komai, ta sha wuya ƙwarai. Ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba.

Sati bakwai muna jira. Des mai ba'a shi ne kullum a ƙofar gida lokacin zuwan mai wasiƙu, wai tayar mota yake dubawa. Ranar da amsar ta zo shi ya fara buɗewa, ya shigo yana ihu kamar ƙungiyarsu ta ci kofi. An lissafa mata kwana sittin ɗinta, rarar ta dawo fam ɗari biyu da casa'in, su ma a hankali za a cire cikin shekara. Ya fita ya sayo kifi da dankali har da na maƙwabta. Maganin da aka sa ta a kai kuma ya karɓe ta, kumatu sun fara dawowa.

Ranar ashirin ga Satumba muka raka ta tasha. Ranar Litinin na shiga aiki da fararen takalman roba da kamfani ya riga ya ba ta, ko sau ɗaya ba a saka su ba. Na dire su a teburin Bev. Ta ce lafiya, Lorraine, ba su yi mata ba ne? Na ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi za su ji, na ce a ba wata, 'yata ta koma jami'a. Yaya, mata talatin suka hau buga ƙotar wuƙa a kan tebur har ƙarar injin kamfanin ta daina jiyuwa. Na tsaya cikin ƙarnin kifi ina kuka, ban ko share ba.

Ka gaida Noeleen, ka ce na gode da hotunan. Ka shafa mini kan Brodie da Tamsin. Mama tana gaishe ka, ta ce kiran Lahadi ba ya kashe mutum. Des ma yana gaisuwa. Keeley ta ce a gaya wa Kawu ya tanadi kuɗin jirgi, don ba za ta sa hular kammala karatu ba sai yana zaune a wurin.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
Lorraine