Dashen Malam Iliyasu a Gonar Aro

Assalamu alaikum, Yaya Lawan.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Legas, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai Inna da ƙafa ke damu, amma tana taɓa fita tsakar gida.

Yaya, raina a ɓace yake. Ka tuna Malam Iliyasu, ɗan gudun hijirar nan na wajen Zamfara, wanda na roƙi Baffa Nababa ya ara masa gonarka bara. Kwamitin ƙauye ya yi musu ƙoƙari, shi da sauran 'yan gudun hijirar, kowane gida ya auna hatsi, aka yi musu gayya. Bayan kaka aka shirya musu kalankuwa, suka yi kiɗansu na gida, har na ga matarsa Furera ta yi dariya, abin da ban taɓa gani ba.

A wurin bikin ne wasu masu agaji daga Ɗanbatta suka raba dashen mangwaro, wai kowa ya dasa don tunawa da gida. Ba su tambayi kowa al'adarmu ba. Malam Iliyasu ya karɓi guda bakwai, adadin mutanensa da 'yan bindiga suka kashe, ya je ya jera su a gonarka.

Ka san Baffa. Ya ce wanda aka ara wa gona ba ya dasa itace, wanda ya dasa kuwa gonar yake so ya cinye. Ya ce su Malam Iliyasu su bar ta kafin ruwa ya sauka. Na yi bayani har muryata ta dushe, ya ce maganar gona ba ta mata ba ce. Ban ga laifinsa duka ba, ƙasa ta yi mana kaɗan, amma mutanen nan ba su da inda za su.

Shekaranjiya Malam Iliyasu ya tuge dashen da hannunsa, ya kawo mini a bokiti. Bai yi ƙorafi ba, ya dai tambaye ni ko akwai inda aka yarda baƙo ya dasa abu. Na karɓi bokitin.

Gonar taka ce, Yaya, maganarka kaɗai Baffa zai ji, kuma hadari ya fara haɗuwa. Dashen suna bayan ɗakina ina ba su ruwa. Uku sun riga sun bushe, ban gaya wa Malam Iliyasu ba.

Ka gaida Asma'u da su Sakina. Inna tana sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Hure