Gidan Yantala da Ba a Ƙwanƙwasa Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da hasken makwanci.

Ki gafarce ni, Inna, da na ɗauki bik da kaye, wato biro da littafin rubutu, na zauna rubuta miki. Ni ce 'yar farinki, tsakaninmu kunya ce tun ina ƙarama. Ba ki kiran sunana, ni ma ban taɓa zama na yi miki dogon zance ba. Amma wata tara ke nan da rasuwarki, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Baba ba ya son jin ta, ƙanwata Zaliha kuwa shekararta shida kawai. Saura ke.

Maganar gidan nan ce. Na yi wani abu a kansa, ban sani ba ko daidai na yi.

Kin tuna zamanmu a unguwar Bukoki, nan Yamai, ɗaki biyu a gidan haya, mu da iyali biyar muna bin layin robine ɗaya wajen ɗiban ruwa. Shekara goma sha huɗu Baba yana taka keken ɗinki da burin ya fitar da mu daga nan. Ranar da ya dawo ya ce Alhaji zai sayar masa da gidansa na Yantala ta ƙasa, wajen gulbi, har ya manta bai cire takalmi ba ya hau tabarma. Kika yi dariya kika ce, "Malam, gidan ba zai gudu ba, cire takalmin."

Alhaji ɗan garinmu ne na Maraɗi. Shi ya tari Baba a tasha lokacin da ya zo Yamai yana saurayi, shi ya ba shi wurin ajiye keke a gaban shagonsa. A gidanmu ba a ambaton sunansa sai da addu'a.

Ina wanke kwanuka na ji kina cewa a kira Kawu Mamman, tunda magini ne kuma ƙanenki ne, ya je ya duba kafin a gama magana. Kawu ya zo da kansa da yamma, ya ce shi ba abin da yake so illa a bar shi ya ƙwanƙwasa bango. Baba ya ɓata rai. Ya ce, "In shiga gidan Alhaji da mai guduma? In ce masa me? In ce ban yarda da kai ba?" Kawu ya ce, "Ba Alhaji zan ƙwanƙwasa ba, Yaya, bango ne." Baba bai yi dariya ba. Kawu ya sha ruwa ya tafi.

Ranar Juma'a bayan masallaci suka je ganin gidan, Baba da Alhaji, kowa cikin babbar riga. Watan Maris ne, ƙasa ta bushe ƙayau. Baba ya ce bai fi minti goma sha biyar suka yi ba. Ya ga sabon fenti shuɗi, ya ga ƙofar ƙarfe, ya ga robine a tsakar gida wanda ba za ki bi layin kowa ba. Alhaji ya ce bulo ne tun daga tushe. Aka yi fatiha. Ke ba a tafi da ke ba, don an ce sayen gida maganar maza ce, mace ranar tarewa take gani.

Ranar tarewar ina bayanki ɗauke da tukwane. Kika sauke kayan kanki a tsakar ɗaki, kika ce a hankali, "Ɗakin nan warin rijiya yake." Ni kaɗai na ji. Matan Bukoki da suka rako mu suna ta guɗa, Baba yana ƙofar gida yana karɓar barka, fuskarsa kamar ta ango. Kika dube shi ta taga. Kika kunna turaren wuta.

Akwai abubuwan da na gani, Inna, ban san ma'anarsu ba. Duk gidajen layinmu dokin ƙofarsu ya kai gwiwa, sai an ɗaga ƙafa ake shiga. Namu ne kaɗai ake gangarawa. A gindin bango wani farin abu kamar gishiri yakan fito ta cikin fentin, ina sharewa da tsintsiya yana dawowa. A lise, makarantarmu, muna karanta yadda ruwa ke ratsa ƙasa, na ci jarrabawa a kai, amma ban taɓa haɗa karatun da bangon ɗakinmu ba.

Ruwan watan Agusta ya yi kwana uku. Tsakar gida ta cika har idon sawu, muka yi ta kwasa da bokiti muna zubarwa a waje yana biyo mu. Rana ta huɗu gari ya waye tas, rana ta fito, kowa ya shanya kaya. Muka ce an wuce wurin. Bayan la'asar kika ba ni gero kika ce in kai niƙa, in tafi da Zaliha don ta dame ki da surutu. Kika ce, "Kada ku tsaya kallon ruwa a hanya." Kika shiga ɗakin girki hura gawayi.

Mun tsaya kallon ruwan, Inna. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Da muka dawo, mutane sun cika layi, ana tonon ɗakin girkinmu da ya rushe da hannu da shebur. Na ajiye garin a ƙasa, ban san wanda ya ɗauka ba.

Sai bayan kwana bakwai na iya zuwa na dubi wurin. Simintin bai fi kaurin yatsa biyu ba. Abin da ke cikinsa tubalin ƙasa ne, ya jiƙe ya zama kamar ƙullun da aka dama. Gidan ƙasa ne aka sa wa rigar siminti. Tsohuwar Bazabarmar da ke maƙwabtaka da mu ta riƙe hannuna tana kuka, da 'yar Hausarta ta ce, "Kowa layi ya san gida nan. Duk shekara ruwa kwana ciki. Ba wanda tambaya mu." Alhaji ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, ya ce ƙaddara ce. Baba ya sunkuyar da kai ya yi masa godiya.

Na yi imani ajalinki ne ya zo, ban yi jayayya da Allah ba. Amma na kasa daina tunanin cewa tambaya ɗaya ce ba a yi ba. Na tambayi Kawu me zai yi da an bar shi. Ya ce ba wani abu mai wuya ba ne. Zai buga gindin bango ya ji ko yana amsawa kamar ganga. Zai leƙa bayan gida inda ba a kai fenti ba. Zai gaida matan layi ya tambaye su yadda damina take yi musu. Sannan zai zubar da bokiti ɗaya na ruwa a tsakar gida ya tsaya ya ga inda ya nufa. Da ya tafi na gwada. Ruwan bai ko waiwayi ƙofa ba, kai tsaye ya tafi gindin ɗakin da muke kwana ya ɓace.

Bangon ɗakin nan ma ya tsage tun ranar. Tsagar takan shige tafin hannuna, kuma ƙasansa ya kumbura kamar ciki.

Baba ya tsufa a wata tara. Yakan zauna a kan keke ƙafarsa ba ta motsi. A watan Afrilu ya kawo wani magini, ba Kawu ba. Aka tada ɗakin girki da bulo na gaske. Tsagar ɗakinmu kuma aka cika ta da siminti, aka shafe, aka shafa wa gidan gaba ɗaya koren fenti. Baba ya sa muka tura armuwarki ta aure, kabad ɗin kayan nan, gaban wurin da ya kumbura. Ya ce zai sayar mu koma haya kafin ruwa ya sauka. Ya ce, "Haka aka sayar mini. Ba zan ƙara ɗaukar gawa daga gidan nan ba." Ya ce mini in baƙi sun zo in kawo ruwa in koma ɗaki.

Ba mugu ba ne, Inna, kin fi ni sani. Tsoro ne. In ya dubi Zaliha tana wasa a gindin bango sai ya daka mata tsawa ba dalili.

Wadda ta zo saye kin san ta. Madam Rahila ce, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Dogondutsi, wadda Baba yake ɗinka wa fararen rigunan aiki, wadda takan kawo miki cincin lokacin bikinsu na Kirsimeti. Tana haya a Dar Salam da 'ya'yanta uku da mahaifiyarta da ba ta iya tafiya. Ta san bango ne ya faɗa miki. Baba ya nuna mata sabon ɗakin girki ya ce nan ne kaɗai aka yi da ƙasa, ga shi an gyara.

Ranar Asabar ce da hantsi. Na shigo da ruwa na same ta a ɗakinmu tana murna. Ta nuna gefen armuwar ta ce, "Nan zan sa gadon Mama, ta riƙa ganin tsakar gida." Ta ce wani abokin aikinta ya ce ta kawo magini, ta ce masa, "Haba, gidan Malam Idi? Shekara goma yana mini ɗinki, ko ƙyallen da ya rage sai ya maido mini. Ai sai in ji kunya." Baba ya dubi ƙasa. Na tsaya da faranti na manta ban miƙa mata kofin ba, har ta ce, "'Yata, ko zazzaɓi kike?"

Kin san ni. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Da za ta tafi na ɗauki jakarta don in raka ta, kamar yadda kika koya mana a yi wa baƙo. Muka wuce gida biyar bakina ya ƙi buɗewa. Tana tambayata karatu ina cewa lafiya lau. Sai da muka kai bakin gudro, titin kwalta, ta ɗaga hannu ta tsayar da taksi, sannan na ji muryata ta fita. Na ce, "Madam, ki kawo maginin. Ki ce ya ture armuwar." Ta juyo ta dube ni. Mai taksi yana ta danna oda. Ta karɓi jakarta ta ce, "Na ji, 'yata. Koma gida."

Ran Litinin da na dawo daga lise na tarar da su. Magininta ya ture armuwar, ya buga wurin sau biyu, sabon simintin ya zubo. Ya sa ƙarfe a ramin, ya shige kamar a cikin tuwo. Madam ba ta zagi Baba ba, da ta zage shi ma da ya fi sauƙi. Ta ce, "Malam Idi, Allah ya ba ka haƙurin abin da ya same ka." Ta fita. Washegari ta aiko aka karɓi yadinta da ba a ɗinka ba. Kafin Juma'a maganar ta zaga unguwa, har ta kai kasuwa.

Baba bai buge ni ba. Bai ma tambaye ni ba, ya sani. Kwana huɗu yana karɓar abinci daga hannuna ba ya dubana. A na biyar ya ce, "Kin cece ta, ita da uwarta. To ku wa zai cece ku? Wa zai sayi gidan nan yanzu?" Na tsaya da kwano a hannu. Na ajiye shi a gabansa na fita, Inna. Har yau tambayarsa tana bina.

Shekaranjiya hadari ya haɗu ta gabas, iska ta taso da ƙamshin ruwa, amma bai sauka ba. Jiya Baba bai je shago ba. Na ga ya ɗauko igiyar awonsa ta ɗinki, ya auna tsayin bangon ɗaki, sannan ya auna daidai wannan tsayin a ƙasa, daga gindin bango zuwa tsakar gida, ya ja layi da ƙafarsa. Haka ya yi wa kowane bango, har da katangar maƙwabta. Abin da ya rage a tsakiya, inda ba bangon da zai kai in ya faɗi, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. A nan ya kafa itace huɗu ya ɗora kwanon rufi. Ya nuna mini da hannu in fito da katifu. Da na zo wucewa ya miƙo mini ƙarshen igiyar ya ce, "Riƙe nan." Ita ce magana ta biyu da ya yi mini tun ran Litinin ɗin nan.

A nan za mu yi damina, mu uku, a rumfa, gidanmu yana kewaye da mu. Zaliha tana tsammanin wasa ne, har ta kawo 'yartsanarta ta shimfiɗa mata zane.

Innata, ko na cuci Baba? Ko na cuci Zaliha? In na tuna tsohuwar nan mahaifiyar Madam da ba ta iya tashi, sai in ji ko yau aka sake zan faɗa. In na dubi rumfar kuma sai in rasa abin da nake ji. Zan bar wasu su karanta wasiƙar nan, in ba ki ƙi ba. Wataƙila akwai wani uba da ke shirin sa babbar riga ya je ganin gidan mutumin da yake jin nauyi.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yalwata miki kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya sanyaya zuciyar Baba, ya yafe masa, ya yafe mini. Allah ya kawo mana ruwan bana da sauƙi. Amin.

Ban saba da doguwar magana a gabanki ba, na san na yi yawa. Amma ina roƙon izininki, in ruwan farko ya sauka muka wayi gari lafiya, ki bar ni in sake rubuto miki in gaya miki ko rumfar ta riƙe.

'Yarki mai kewarki,
Balkisa