An Kore Ni Daga Layin Harbi Saboda Ɗurin Hannuna

Zuwa ga mai wannan fili,

Ina roƙon ka agaza mini da shawara, domin wanda na koya wa riƙon bindiga ya tashe ni daga layin harbi a bainar jama'a, gasa kuma ta ƙarato.

Ni makiyayin tumaki ne a wajen Loxton, a nan furfura ta same ni. Tun ina saurayi ban taɓa sayen harsashin kanti ba. Ni nake wanke kwanson harsashina, in auna albarushi a sikeli, in dasa kan harsashin da hannuna. Ɗurin da nake aiki da shi yanzu sai da na sha wuya kafin in same shi. A wajenmu Yuli ne tsakiyar hunturu, Disamba kuma zafi. A sanyin Yulin da ya wuce, lokacin farautar barewa, kullum da sassafe ruwan kwamin tumaki yana daskare, nakan fita ina ƙara albarushi kaɗan-kaɗan ina gwadawa, har na kai inda harsasaina suke bin juna rami guda. Na yarda ya matsa daf da iyakar da littafin masu albarushin ya yanka, amma bindigata ce, na san halinta. Da shi na kayar da dilan da ya addabi 'yan tumakina, daga wannan tudu zuwa wancan. Matata Hendrina har yau tana ba baƙi labarin, ko da yake takan ƙara gishiri.

Ran Asabar muka je gwaji a filin ƙungiyarmu, saboda gasar Disamba ta harbin farantan ƙarfe daga nesa. Rana ta take, akwatin harsasaina kuwa yana gaban a-kori-kura tun safe, inda na saba ajiye shi. Harbi na farko ya bi ta saman faranti. Na biyu, sakatar bindiga ta ƙi ɗagowa sai da na doke ta da tafin hannu. Sai ga Wikus Odendaal, mai kula da filin, ɗan maƙwabcina, wanda na koya wa riƙon bindiga. Ya tsinci kwanson, ya juya gindinsa, ya ga tabon da ƙarfin albarushi ya bari, ya ce, "Kawu, wannan ba harsashi kake ɗurawa ba, takaba kake shirya wa Gwaggo Hendrina." Gysbert, sa'ana ne amma bai san girma ba, ya ɗaga murya daga inuwa: "Ku ba tsoho awartaki ya je ya juya mana nama, can ba ya kuskure!" Aka kwashe da dariya.

Wikus ya yanke cewa ba zan shiga gasa da wannan ɗurin ba, wai in sayi na kanti in huta. Ba zan saya ba. Harsashin da inji ya zuba wa kowa da kowa ba zai shiga bindigata ba ina numfashi. Ban nemi kofi ba, ban taɓa ci ba, abin da nake so shi ne in kwanta a layi ɗaya da jama'a in ji faranti ya amsa abin da hannuna ya haɗa. Shin in kai ƙara gaban kwamitin ƙungiya, ko in ajiye musu katinsu na zama memba in tafi da mutuncina?

Naka,
Wanda Bai Rusuna Ba

Ya kai dattijo,

Kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun.

Da farko, inda kake da gaskiya. Ba a yi wa babba gyara da barkwanci a gaban taro, ya kamata Wikus ya ja ka gefe. Na kanti ma ba dole ba ne, ni kaina ba zan ce ka saya ba. Mutumin da ya jure sanyin Yuli don neman rami guda ba ya bukatar wa'azi a kan harsashi.

Amma Wikus bai yi ƙarya ba. Ɗurinka ɗan sanyi ne, a sanyi aka haife shi. Albarushi yana ƙara ƙarfi idan ya ɗauki zafi, kai kuwa ka tsaya a bakin iyaka tun da ɗari, sannan ka gasa akwatin a bayan gilashin mota. Harbin da ya bi sama da sakatar da ta cije, bindigar ce take yi maka magana, tun kafin yaron ya buɗe baki. Ka ce ka san halinta, to ka saurare ta.

Ga abin yi. Sauran harsasan nan kada ka harba ko guda, ka warware su. Ka kai bindigar wurin mai gyara ya duba sakatar. Sannan ka koma ƙasa, inda littafin ya ce a fara, ka sake hawa a hankali, wannan karon da tsakar rana, harsasai a inuwa. Inda suka haɗu kuma da sauran tazara tsakaninka da iyaka, nan za ka tsaya, ko da sun ɗan rage gudu. Idan ka gama, ka ɗebi kwansunan ka kai wa Wikus har gida, ka ajiye masa a tebur ya juya gindinsu da kyau. Ba roƙo ka je ba, hujja ka kai. Ina zaton zai fi ka jin daɗi, domin wanda ba ya ƙaunarka da ya bar ka ka harba na uku.

Taurin kan nan naka dukiya ce, ka kai shi teburin aiki inda zai yi amfani. Ka tuna cewa idon dama guda ɗaya gare ka, kuma shi ne yake kwance a bayan sakatar nan duk lokacin da ka ja kunama.

Allah ya daidaita maka hannu, ya kwantar maka da iska ranar gasa, ya maido ka gida lafiya. Ka gaishe da uwargida.

Floris