An gan mu a fakin ɗin coci, labari ya kai Zariya

Assalamu alaikum Anti Huseina. Don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma a duk Greensboro ba ni da wadda zan buɗe wa cikina ba tare da labarin ya riga ni isa gida ba.

Mijina matuƙin jirgin sama ne, ko in ce ya taɓa zama. Zan kira shi Dabo, ba sunansa ba ne. Sau biyu 'yan sanda suna kama shi yana tuƙa mota a buge, duka biyun kotu ta same shi da laifi. Na farko na ce tsautsayi ne. Na biyun ya tafi da lasisin mota, da takardar likita ta tuƙin jirgi, da aikin gaba ɗaya. Mutumin da yake ratsa gajimare da jama'a cike da jirgi, sai ga shi ni nake kai shi wani wurin sayar da motoci a Gate City Boulevard, yana wanke motocin da ba shi da ikon tuƙawa. Na yi fushi, Anti, fushin da sai da na daina zuba masa abinci da hannuna.

Da mutanenmu suka fara tambayar me ya zaunar da Kyaftin a gida, sai na ce ciwon baya ne. Ni na faɗa da bakina. Har yau kabad ɗinmu cike yake da man zafi da jiƙe-jiƙen da aka yo masa tsaraba daga gida, wani bawan Allah ma har mai yin ƙaho ya nemo masa.

Yanzu shekara biyu da ɗoriya ko ɗigo bai sha ba. Ya shiga wani shiri na matuƙan da suka faɗa irin wannan hali. Akwai likitan da yake bibiyarsa, ana kiransa gwaji ba sanarwa, kuma dole ya riƙa zuwa taron masu yaƙi da shaye-shaye. Likitan ya ce in ya ɗore a haka akwai fatan a miƙa takardunsa ga hukumar jiragen sama cikin bazara, wani ƙaramin kamfani ma ya ce ya neme su in takardar tuƙin ta fito. Ya koma sallah a kan lokaci. 'Yarmu Afnan ta daina laɓewa a ɗaki in ta ji shigowarsa.

To ga inda gizo yake saƙar. Taron nan a ɗakin ƙasa na wani coci ake yinsa a East Greensboro. Aron ɗakin kawai suke yi, ba komai a ciki sai kujeru da kofi. Ni nake kai shi, in zauna a mota da hijabina ina jira. Wanda yake riƙe da hannunsa a taron, Elnathan, mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe da barin giya. Da Hausa suke magana, kuma shi kaɗai Dabo yake iya kira in abin ya motsa masa. Wata Hajiya da muke masallaci ɗaya ta gan mu a fakin ɗin cocin, wurin ajiye motoci, ta sake ganinmu, ta kuma ga Dabo sun rungumi juna da Elnathan a bakin ƙofa. Kafin Juma'a ta zagayo magana ta kai Zariya, wai Kyaftin da matarsa sun yi ridda.

Inna, mahaifiyarsa, ta kira tana kuka. Ba ta san komai game da giyar ba, ita ma ciwon bayan ta sani. Ya rantse mata yana nan da addininsa, ta ce to in ita ta haife shi, kada ƙafarsa ta ƙara taka wurin. Ya ce to. Tun ranar bai koma ba, Elnathan yana ta kira yana ƙin ɗauka. Wai gara ya tsufa yana wanke mota da Inna ta ji ɗanta mashayi ne. Ni kuwa tsoro nake ji, kuma ba don jirgin kaɗai ba. In na faɗi gaskiya na tona masa asiri, in na yi shiru ina ganin zai koma ruwa. Ga shi ƙaryar ma tawa ce. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Jira a Mota, Greensboro

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Da farko ki gaishe min da Kyaftin. Shekara biyu ba wasa ba ce, kuma ke mai zaman jiran kina da naki kason a ciki.

Kada ki ɗora wa Hajiyar nan dukan laifin. Kai magana Zariya ba tare da ta tambaye ku ba kuskure ne babba. Amma kun ba mutane ciwon baya, suka ga mai ciwon baya yana sauka matakalar coci duk mako, sai suka cike gurbin da abin da ya zo musu. Ke ma ba na zarginki, rufa wa miji asiri kika yi a lokacin da ya kasa rufa wa kansa. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne, kun kuma iso ƙarshensa.

Abu na gaggawa, ya ɗauki wayar Elnathan yau. Mutumin da ya riƙe ka a lokacin da ka kasa tsayuwa ba a yar da shi don gudun bakin mutane. Ya kira likitansa ya gaya masa da bakinsa cewa ya yi fashi, da dalilin fashin, domin wanda aka bayyana ya fi wanda aka gano sauƙi. Ya tambaye shi ko zai amince da taron da ake yi a asibiti, ko ɗakin karatu, ko ta intanet, don ya koma cikin makon nan ba tare da ya saɓa wa Inna ba.

Amma wannan faci ne kawai. Dole Inna ta ji gaskiya, kuma daga bakinsa, ba naki ba. Ke dai ki zauna kusa da shi sa'ad da zai kira. Ba sai an yi shela a masallaci ba. Inna da limaminku sun isa, liman ya san yadda zai kashe maganar ridda ba tare da ya tona sauran ba. Ki tuna wa Dabo cewa tsohuwar nan tana kwana tana tashi da tunanin ɗanta ya bar addini. Abin da yake ɓoye mata bai kai nauyin abin da ya bar ta da shi ba. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta ɗauki wayarsa ba. Amma in ta gane cewa a ɗakin nan yake samun ƙarfin guje wa abin da Allah ya haramta, ina kyautata zaton da bakinta za ta ce ya koma.

Jirgi kuwa ba zan yi miki alkawari ba. Hukuma tana da gaskiya in ta yi taka-tsantsan, rayukan mutane ne, kuma shi ma ya taɓa wasa da su a kan titi. Amma ana faɗuwa a tashi, kuma mai nema yana tare da samu.

Man zafin nan ki rabar wa masu ciwon bayan gaske. Allah ya ƙara masa ƙarfin hali, ya saka miki da alheri. Allah ya sa ranar da zai sake saka farar rigarsa ta matuƙin jirgi Inna ce za ta fara sa masa albarka, tana sane da duk abin da ya tsallake kafin ya kai gare ta.

Anti Huseina