An Ɗauki Hoton Wani a Gonata, An Biya Shi Tallafina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabon Tallafin Noma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da iyali. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Bulkachuwa, ina noma gero da wake a gonar da na gada wurin mahaifina. Sau uku ina zuwa ofishinku a Azare ba a bar ni na gan ka ba, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya karanta.

Na ɗaya. Kun ce ba mai samun kuɗin tallafi sai ma'aikatanku sun ɗauke shi hoto a cikin gonarsa. To, madalla. Amma sai suka zo ranar kasuwarmu. Ranka ya daɗe, kowa a ƙasar Katagum ya san ba a samun magidanci a gona ranar kasuwa.

Na biyu. Wani mai shagon atamfa daga Azare ya biyo motarsu. Ya ari fartanya a maƙwabta, ya tsaya tsakiyar gerona da shaddarsa da takalmi sau-ciki, aka ɗauke shi. Matar maƙwabcina ta ce ko riƙon fartanyar bai iya ba. Kuɗi suka fito, suka faɗa asusunsa. Da na je rajista, wani ma'aikaci ya dube ni ya ce ai wannan gonar tana da mai ita.

Na uku. Da magana ta fasu, mai shagon ya aiko a ba ni rabi in yi shiru. Dattawa suka ce in karɓa in yi haƙuri. Na mayar masa da kuɗinsa. In na karɓi rabi, na yarda da bakina ke nan cewa yana da rabo a gonar. Ga gerona ya fara ja, lokacin maimai ya zo, ba ni da taki. Abin da ya rage in sayar shi ne sa ɗaya cikin shanun huɗata biyu, kuma garma ba ta tafiya da sa ɗaya. Wallahi abin yana ci mini rai.

Roƙona shi ne ku turo mutum ya tambayi mai unguwa da waɗanda muka yi iyaka da su, ku goge sunan mutumin nan, ku biya ni kafin a gama maimai. In kun ƙi, zan sayar da san in zuba taki, baɗi in koma huɗar hannu da tsufana. Wannan zan iya. Amma muddin ina numfashi, gonar ubana ba za ta zauna a takardarku da sunan wani ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raba ka da haƙƙin talaka.

Wassalam.

Naka,
Manomi daga gundumar Bulkachuwa