Shaf ɗin da Ka Aiko wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida da kanta, faɗanta kuwa ko ciwo bai rage shi ba. Tun da aka ce za ka zo ƙarshen wata ta sa aka share ɗakinka, aka kwashe tarkacen da muka jibge a ciki.

Yaya, a waya na so mu yi maganar nan, amma na san halina, kuka zai riga ni. Maganar Shuɗiya ce, tsohuwar motar Baba. Shaf ɗin da ka aiko ya iso, wato sandar ƙarfen nan da ke haɗa giyabos da tayar gaba. Da ka ga Baba ranar! Ya buɗe kwalin a hankali, ya goge ƙarfen da bakin rigarsa, ya zaga da shi gidajen maƙwabta yana cewa ɗansa ne ya aiko. Mama ta ce ko jikansa na fari bai yi wa wannan rawar jiki ba.

To, shaf ɗin ba na motar ba ne, kuma ba laifinka ba ne. Ka faɗa wa mai shago shekarar da aka ƙera ta, shi kuma ya ba ka na tsohon samfuri. Abin da ba ka sani ba, bayan tafiyarka giyabos ɗinta na asali ya mutu, Baba ya saka mata na samfurin da ya biyo baya. A lokacin ku biyun ba ku magana, mu kuma ba wanda ya yi tunanin faɗa maka. Yanzu Shuɗiya a ido tsohuwa ce, amma cikinta gauraye ne. Dogo makanike ya shimfiɗa tsohon shaf da sabon a kan benci ya nuna min. Naka ya gaza da kamar faɗin yatsa. Yana shiga, amma haƙoransa a baki-baki suke kamawa. Ya ce a miƙaƙƙiyar hanya za ta tafi lafiya lau har mutum ya saki jiki, amma ranar da aka sha kwana da gudu ko taya ta faɗa rami, sai ya zare, kuma Allah kaɗai ya san inda motar za ta tsaya. Ya rantse hannunsa ba zai ɗaura shi ba.

Ka san Baba. Ya ce Dogo tsoro ya yi masa yawa, ya sa aka turo motar gida, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, da shekarunsa da ciwon bayansa, ya ɗaura da kansa. Yanzu kullum sai ya zaga layinmu da ita, ni kuma ina bakin ƙofa ina jiran dawowarsa. Abin da ya fi tayar min da hankali, ya ce shi zai je filin jirgi ya ɗauko ka da ita. Ka tuna hanyar, da gangaren nan mai kwana, da manyan motoci. Maigidana ya yi tayin motarsa, Baba ya yi kamar bai ji ba. Na ɓoye makulli, ashe yana da wani a aljihun tsohuwar kwat ɗinsa.

Jiya dai na kasa haƙuri. Na same shi yana wanke gilashinta, na durƙusa na ce don Allah ya auna shaf ɗin da kansa in bai yarda da Dogo ba. Ya ci gaba da matse tsumma. Can ya ce ba sai ya auna ba, tun da ya ɗaga shi daga kwali hannunsa ya gaya masa ya gaza. Ya ce amma wannan ne abu na farko da ka aiko masa tun da ka bar gidan nan cikin fushi, kuma ya taɓa raina abin da ka kawo masa, ya ga abin da hakan ya ja. Ba zai sake ce maka naka bai yi ba, ko me zai faru.

Yaya, ba wanda zai iya cire ƙarfen nan sai kai. Ka kira shi, kada ka aiko saƙo ta bakina. Ka ce masa kai ka gano kuskuren, ka roƙe shi ya cire, za ka zo da daidai ku ɗaura tare. Kada ka jira ƙarshen mako, don ya ce gobe zai gwada ta a babban titi. Shi ya sa hoton takardar nan zan turo maka ta waya, don ta same ka yau.

Mama tana gaishe ka, ba ta san komai ba, kada ka bari ta ji. Kawu da Gwaggo da Auta duk suna gaisuwa. Ka gaishe min da matarka da yara. Wayar Baba tana aljihunsa kullum, bai taɓa kashe ta ba tun da ka tafi.

Ƙanwarka da ke jiran ta ji wayar ta yi ƙara.